Amsa ga 'yar'uwar da gwajinta ya daina nuna ƙwayar cutar

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki na kasa wucewa. Kin ce gwajinki na ƙarshe bai nuna ƙwayar cutar HIV a jini ba, surukarki ta ce kin warke, ki ajiye maganin asibiti, ke kuma kina tambaya in ba ta cikin jini to ina take. Don girman Allah kada ki ajiye. Irin wannan maganar ce ta raba ni da maigidana.

Tana nan, ɓuya ta yi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zana mana abin a bayan katin asibiti, har yau yana kaina. Ƙwayoyin gadon HIV tara ne kacal, amma kowane da aikinsa. Wanda ake kira env shi ke ƙera ƙayoyin da ke bayanta. Kan ƙayar, gp120, shi ke maƙalewa a jikin sojojin jikinmu masu alamar CD4, sai ya kama wata alama ta biyu, CCR5 ko CXCR4, daga nan gp41 ya haɗe fatarta da ta sojan ta juye abin cikinta. Shi ya sa CD4 ɗin nan da ake ƙirga mana su ne abin farautarta. Wani kuma, pol, kayan aiki uku yake samarwa: ɗaya ya kwafi rubutun gadonta daga RNA zuwa DNA, irin rubutun da jikinmu ke amfani da shi, ɗaya ya yanka DNA ɗin sojan ya ɗinke nata a ciki, na ukun ya daddatsa sassan da za a haɗa sababbin ƙwayoyi. Kamar baƙon da ya shigo gida ne ya sa sunansa a takardar gidan. Wasu daga cikin sojojin nan sai su yi lamo shekara da shekaru da ita a cikinsu. Magani ba ya cire ta daga nan, gwajin kuma wadda ke yawo a jini kawai yake ƙirgawa. Kina dainawa, cikin 'yan makonni ta dawo.

Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12 a Legas. Shi ma yana da cutar, da ya fara shan maganin asibiti ya murmure, ya yi ƙiba, gwajinsa ya yi kyau kamar naki. Sai yayansa ya kawo wani mai magani, irin masu lasifika a kan mota a gefen layin dogo na Agege. Ya ba shi jarkoki na wani baƙin ruwa mai ɗaci, ya ce ya je ya yi gwaji ya gani. Ina gwaji zai nuna wani abu, mutum yana shan maganinsa kullum? Suka ɗauki aikin maganin asibiti suka ba jarka, ya ajiye maganin. Na yi kuka, na roƙa, yayan ya ce mace ba ta da ta cewa a maganar maza. Tari ya fara, zufar dare har sai na matse zanin gado. Ranar da muka kai shi asibiti muna cikin cunkoso a titin Ikorodu, kansa a cinyata, yana neman numfashi, kwandasta yana ta masifa wai mun cika kujera. Tarin fuka ne, CD4 ɗinsa ya faɗi ƙasa da 200, alhali na mai lafiya daga 500 ne zuwa sama. Allah ya jiƙansa. A zaman makoki wannan yayan, da bakinsa, ya ce ni na kawo cutar gidansu. Mai jarka kuwa ko gaisuwa bai zo ba, har yau ina ganin motarsa. Na bar su da Allah, amma ban yafe ba.

TLD ɗin da ake ba mu magani uku ne. Tenofovir da lamivudine suna hana kwafar nan, dolutegravir yana hana ɗinkin. Ki riƙe lokaci ɗaya kullum. Mai kwafar nata gaggawa gare shi, yana yawan sauya rubutu, to in ana sha ana tsallakewa, sai a samu wadda maganin ba ya ci. In kina shan maganin ƙarin jini ko na ƙashi, ki faɗa musu a asibiti, don ƙarfe da kalsiyam suna rage shigar dolutegravir jiki. Ni da azumi da daddare nake sha, bayan na tambayi likita. In za ki Arewa hutun Sallah, ki nemi na watanni kafin ki hau mota.

Za su ce miki ai an taɓa warkewa. Gaskiya ne, Timothy Ray Brown a Jamus, a 2007 aka yi masa dashen ɓargo saboda sankarar jini, daga mutumin da sojojinsa ba su da CCR5. Aiki ne mai hatsarin rai, ba a yi wa mai lafiya. Kuma kada kowa ya ce miki jikinki ne rago: cikin ƙwayoyin gadon nan nata tara, nef yana ɓoye sojan da ya kamu don sauran kada su gane shi, vif kuma yana lalata wata kariya da ke cikin sojan.

Sakamakonki abin murna ne wallahi. Muddin kina sha, gwaji kuma bai nuna ta ba, ba za ki sa wa mijinki ta hanyar kwanciya ba. Ki tafi da shi ranar karɓar magani ya ji daga bakin likita, shi zai iya da mahaifiyarsa, ke kada ki yi musu da ita. Maganin kuma ki canza masa wurin ajiya, ni a gwangwanin madara nake sa nawa, na san gidan da aka zubar wa mace da nata a masai. In kina wajen Agege ko Idi-Araba ki yi min magana ta akwatin saƙo, in raka ki.