Tambayoyinku Kan Harkar Gini: Tsadar Kaya, Rushewar Benaye da Zuwan Na'ura

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Na ba wani ɗan kwangila aikin gina mini gida, muka yi jinga, muka sa hannu a takarda. Ginin bai ko kai linta ba sai ya dawo yana cewa kuɗin ba zai isa ba, wai siminti da rodi sun tashi. Shin cuta ta yake son yi, ko kuwa yana da gaskiya?
Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zan yanke hukunci a kan mutumin da ban ji ta bakinsa ba, amma kukan da ya yi muku shi ne 'yan kwangila ke yi a kusan ko'ina a duniya tun daga shekarar 2020. A waccan shekarar annobar korona ta sa masana'antu suka rufe, jiragen ruwan dakon kaya suka yi cirko-cirko a tashoshi, kuma kafin al'amura su daidaita sai yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo. Makamashi kuwa shi ne jigon kayan gini, domin ba a samun siminti sai an gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderu mai zafin kimanin digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas, rodi ma sai an narka ƙarfe, sannan dukansu biyu kaya ne masu nauyi waɗanda sai mota ta sha mai kafin su iso wurin aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin jingar da kuka yi. Idan aiki zai ɗauki watanni, aka kuma ƙayyade kuɗinsa baki ɗaya tun ranar farko ba tare da an faɗi abin da za a yi idan farashi ya motsa ba, to an shuka rigima. Ku nemi ya kawo muku takardar ƙididdigar kaya, wadda ke nuna buhu nawa na siminti da tan nawa na rodi aikin zai ci, tare da rasiɗin abin da ya riga ya saya. Ku ɗauki nauyin bambancin farashi a kan kayan da ba a saya ba tukuna, ban da ribarsa da ladan aikinsa, sannan ku riƙa biya mataki-mataki: bayan harsashi, bayan linta, bayan rufi. Ina kuma roƙonku da kada ku matse shi har ya rasa mafita, domin ɗan kwangilar da aka ƙure ba kasafai yake ajiye aiki ba, sai dai ya fanshe asararsa a cikin kankare, inda idonku ba zai taɓa kaiwa ba.

TAMBAYA: Injiniya, barka da ƙoƙari. Kullum muna jin labarin benaye suna ruftawa da mutane, wasu ma ba a gama gina su ba. Mene ne ainihin abin da ke kawo haka, alhali ana cewa ilimin gini ya ci gaba? Ni da nake haya a bene, me ya kamata in lura da shi?
Daga wata uwa mai 'ya'ya huɗu.

AMSA: Hajiya, wannan tambaya taku ita ce ta fi damuna a duk wasiƙun da suka zo. Ilimin ya ci gaba ƙwarai, kuma da wuya a samu ginin da ya faɗi saboda wani abu da injiniyoyi ba su sani ba. Galibi abin da aka sani ne aka ƙi yi.

Bari in faɗi abin da na gani da idona. Na taɓa zuwa duba wani aiki ranar da ake zuba dekin hawa na biyu, rana ta take, leburori sun jigata. Kankaren da ke fitowa daga injin kwaɓi ya yi musu kauri, yana wahalar bajewa, sai na ga wani yaro ya ɗebo ruwa a bokiti yana tuttulawa a kai har ya koma kamar kunu, babu wanda ya ce masa kanzil. Da na sunkuya na leƙa, sai na tarar da rodin a kwance a kan katako, ba a ɗaga shi da komai ba, wato kenan idan aka cire katakon, ƙarfen zai kasance a fili ko kuma a bayan wata 'yar fata ta siminti. Na sa aka tsayar da aikin, mai ginin ya yi fushi da ni ranar, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Waɗannan abubuwa biyu da ake rainawa su ne ke cin gini. Ruwan da ya wuce ƙima yana barin ƙananan ƙofofi a cikin kankare bayan ya ƙafe, ƙarfinsa ya ragu. Rodin da ba a lulluɓe shi da isasshen kankare ba kuwa, damshi na isa gare shi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki. Akwai kuma gaggawa. Mutane da yawa suna zaton bushewa ce ke ƙarfafa kankare, alhali haɗuwar siminti da ruwa ce ke sa shi ƙarfi sannu a hankali, shi ya sa ake yi masa ban ruwa na aƙalla mako guda, ake kuma auna ƙarfinsa a kwana 28. Wanda ya cire tokara da wuri ya ɗora wani hawan, ya aza wa jariri kayan ƙato. Yashi ma ya zama abin lura, domin Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na amfani da kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara, kuma yayin da mai kyau ke ƙaranci, wasu kan koma ga mai laka ko mai gishiri, gishiri kuwa babban abokin gabar rodi ne.

Sai kuma ƙarin hawa a kan harsashin da ba don shi aka yi ba. Ginin Rana Plaza da ke kusa da birnin Daka na ƙasar Bangaladash, wanda ya rufta ranar 24 ga Afrilun 2013 ya hallaka mutum 1,134, an ƙara masa hawa ba bisa ƙa'ida ba, aka jibga masa injinan ɗinki da manyan janaretoci. Abin da ya fi ciwo shi ne, an ga tsagewar ginin kwana ɗaya kafin faɗuwarsa, amma aka umarci ma'aikata su koma bakin aiki.

Don haka, Hajiya, ku sa ido a kan ginshiƙai da ƙarƙashin dekin. Siririyar tsaga a filasta ba abin tashin hankali ba ce, amma tsagar da ke ƙara buɗewa, ko wadda ta ratsa ginshiƙi, ko kankaren da ke ɓarewa yana nuna jan ƙarfe, ko ƙofar da ta fara cijewa ba gaira ba dalili, duk alamu ne da ya wajaba a kira injiniya mai rajista ya duba, a kuma sanar da hukumar da ke kula da gine-gine idan mai gida ya yi kunnen uwar shegu. Idan kuka ji ginin yana ƙara, ko ƙura tana zubowa daga tsagar, ku kwashi yara ku fita tukuna.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni birkila ne, shekarata goma sha biyu ina wannan sana'a. Na ga bidiyo a waya inda wata na'ura ke zuba bango ita kaɗai. Shin sana'armu ta kusa mutuwa ne?
Daga wani magini.

AMSA: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Na'urar da ka gani gaskiya ce, har an gina wani ofishi mai hawa biyu da irinta a Dubai a shekarar 2019, amma bango kawai take zubawa, harsashi da rodi da rufi da wayar lantarki da bututun ruwa duk hannun mutum ne ke yin su. Ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Japan ma kukan ƙarancin ƙwararrun magina suke yi, saboda tsofaffin hannu suna ritaya, matasa kuma ba sa shigowa yadda ake buƙata.

Canjin da na fi ganin zai taɓa aikinka yana cikin buhun siminti ne. Duniya na samar da kimanin tan biliyan 4 na siminti a shekara, kuma wannan masana'anta kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya, don haka ake ta neman hanyar rage ta. Masu bincike a Suwizalan da Kuba da Indiya sun samar da wani siminti mai suna LC3, wanda ake haɗawa da gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa, yana rage hayaƙin da kusan kashi 40 cikin ɗari. Irin waɗannan sababbin haɗe-haɗe kowanne da yadda yake shan ruwa da yadda yake kamawa, saboda haka birkilan da ke karanta abin da aka rubuta a jikin buhu zai fi wanda ya dogara da sabo kawai. Ginin ƙasa ma ya dawo da martabarsa, har Francis Kéré, ɗan ƙasar Burkina Faso wanda ya yi suna da makarantar da ya gina da tubalin yumɓu a ƙauyen Gando, ya karɓi lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi daraja a fagen zanen gine-gine.

Shawarar da zan ba ka ita ce ka koyi karanta zanen gini da kyau, a takarda da kuma a waya, domin manyan ayyuka yanzu a kwamfuta ake fara harhaɗa su kafin a haƙa rami, har gwamnatin Birtaniya ta wajabta hakan a kwangilolinta tun 2016. Ka kuma nemi takardar shaidar sana'a idan akwai inda ake bayarwa kusa da kai, domin kamfanoni suna ƙara tambayarta kafin su ɗauki mutum aiki.