Tambaya da Amsa: Tsofaffin Wuraren Hira na Garin Bauchi

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakana ya yi shekaru yana sayar da shayi a kusa da Ƙofar Wunti, kuma dattawa na cewa teburinsa majalisa ce ta sosai. Ya rasu, wurin ma ya koma shaguna. Ina so in rubuta tarihin teburin da sauran irinsa, amma kowa na tambaya sai ya ce “ai an daɗe”. Ta ina zan fara? Daga wani matashi, unguwar Jahun.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba. Fara yau, domin masu wannan labari kullum raguwa suke yi.

Matsalarka tana cikin irin tambayar da kake yi. Dattijon da bai riƙe lissafin boko ba, in ka ce masa “wace shekara?” dole ya ce an daɗe. Tambaye shi da abin da ya faru a idonsa. Teburin yana nan lokacin da jirgin ƙasa ya iso Bauchi? Wannan 1961 ke nan. A nan kuka ji labarin kashe Abubakar Tafawa Balewa? Janairun 1966. Kafin yaƙin basasa ne ko bayansa? An yi shi daga 1967 zuwa 1970. An riga an yi canjin hannu na tuƙi? 1972. An riga an ba Bauchi jiha? 1976. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne mai kyau, domin mutumin Bauchi ba ya rikita su: Sarki Adamu Jumba ya yi mulki har 1982, Sarki Sulaiman Adamu ya gaje shi har 2010. In ka sami amsa biyu, ɗaya ta ce “bayan kaza”, ɗaya ta ce “kafin kaza”, ka riga ka kama lokacin a tsakani.

Kuɗi kuwa ya fi komai tona shekara. Ce masa, “Baba, nawa kuke shan kofin shayi?” In ya ce taro ko sisi, mai yiwuwa maganar kafin Janairun 1973 yake yi, lokacin da naira ta shigo. Taro kwabo 3 ne, sisi kwabo 6, sule kwabo 12, sule 20 fam guda. Amma a yi hattara a nan. Bayan canjin kuɗi mutane sun ci gaba da kiran kwabo 10 sule, naira 2 kuma fam. Saboda haka “sule biyu” kaɗai ba ta isa hujja ba, sai ka tambaya ko kuɗin mai huda a tsakiya ne, ko mai hoton Sarauniya, ko sabon kuɗi.

Ka nemi mutum uku aƙalla, kuma kada su zama iri ɗaya: yaron shago da ya riƙa wanke kofuna, wanda ya riƙa kawo burodi ko gawayi, da ɗan majalisa na kullum. Yaron shagon ya fi kowa sanin ciki. Shi ya san gwangwanin madara nawa ke ƙarewa a dare, wa ke shan bashi, da inda ake ɗebo ruwa. Kada ka manta da matan gida. Kakarka ko ƙannen mahaifinka sun san ranar da ciniki ya faɗi fiye da 'yan benci.

Ka gana da kowa shi kaɗai tukuna. In ka tara su tun farko, babba ne zai yi magana, sauran su ce “haka ne”, ko da sun san ba haka ba ne. Sai a zama na biyu ka haɗa su, su yi wa juna gyara. Bayan la'asar ya fi, ko da hantsi. Ka tafi da goro, ka nemi izini kafin ka kunna waya. Ajiye wayar kusa da bakinsa, tazarar da ba ta wuce kamu biyu ba, a kan tabarma ko tsumma. Nisanci janareta da fanka da bakin titi, domin ƙarar babur ɗaya tana iya haɗiye sunan da ka zo nema. Minti 40 zuwa awa guda ya isa, in ya wuce haka dattijo ya gaji, sai ya fara maimaitawa. A farkon ɗauka ka faɗi kwanan wata da wurin da sunan mai magana. A daren nan ka kwafe sautin zuwa wuri na biyu. Juyar da awa ɗaya zuwa rubutu na cin awa huɗu ko biyar, to kada ka tara.

Sa su kwatanta maka teburin kamar suna ganinsa. Ina tukunyar ruwan zafi take, a kan gawayi ko risho? Benci nawa? Aci-balbal ake kunnawa ko fitilar ƙwai? Wa ke da rediyo, kuma wace tasha ake kamawa, Kaduna ko BBC, wadda ta fara shirin Hausa a 1957? Dattijo da ya tuna yadda kakanka ke ɗaga kofin silba sama yana tsiyayo shayi cikin ɗaya kofin har kumfa ta taso, to a hankali zai tuna wanda ke zaune a gefensa. Daga nan ka kai shi wurin da ƙafa, ya nuna maka da sanda. Ka ɗaure kwatancen da abin da ba ya gusawa, kamar masallaci ko ƙofar gari ko rijiya. Kwatance da shago ko bishiya ba ya daɗewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗe teburin uba da na ɗa, ko na masu shayi biyu masu laƙabi ɗaya. Kullum ka tambayi garin da mutum ya fito da sunan ubangidansa.

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare. Muna tattara tarihin unguwanni, sai batun tsofaffin mashaya da gidajen burkutu ya taso. Wasu sun ce a tsallake. Me kuka gani? Daga wata malama, Yalwa.

Amsa: Malama, kada a tsallake. Haramcin giya a Musulunci a fili yake, kuma rubuta cewa wuri ya taɓa wanzuwa ba yabonsa ba ne. In aka cire wannan babi, ɗalibanki ba za su gane dalilin da ya sa garin ya shimfiɗu yadda yake ba.

Tun zamanin Gwamna Lugga dokar Turawa ta hana sayar wa mutanen Arewa barasar Turai, su kuwa Turawan suna sha a kulob ɗinsu da ke unguwar Turawa. Cikin ganuwa kuma ikon Sarki ne da alƙali. Shi ya sa irin waɗannan wurare suka taru a wajen ganuwa, inda baƙi da ma'aikata da sojoji ke zama: Bayan Gari, wadda sunanta ma ya faɗi inda take, da wajejen Yalwa, da kasuwar mami ta bariki. Ki raba su gida uku, domin ba abu ɗaya ba ne. Akwai kulob na masu rajista, akwai otal mai lasin da ke sayar da ta kwalba, akwai gidan burkutu, wanda galibi mata ke dafawa da dawa su sayar a ƙwarya. Kowanne da mutanensa da farashinsa da irin kiɗansa. Shekarar 2001, da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, ita ce iyakar da za ki riƙa aunawa da ita: me ke wurin kafin nan, me ya koma bayan nan.

Sharaɗi guda ba ya ɗaguwa. Ki rubuta wuri da zamani da sana'a, kada ki rubuta sunan wanda aka ce yana zuwa. Da yawa sun tuba, da yawa sun rasu sun bar 'ya'ya da jikoki a garin nan. In mai ba da labari ya ambaci suna, ki cire shi daga rubutun, sautin kuma kada ya shiga hannun ɗalibai. Kuma kada a tura yara wannan hira. Aikin manya ne. Tsofaffin direbobi da makaɗa da ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya su ne suka fi sanin taswirar. Takardun lasin da rahotannin Lardin Bauchi kuwa, a nemi fayilolin lardin a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Tambaya: Na ji ana cewa siyasar Arewa a majalisar hira ta Bauchi ta fara. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Gombe.

Amsa: Da ƙamshin gaskiya, amma ba majalisar bakin titi ba ce. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, ke zama suna muhawara a kan mulki da ilimi. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda ke koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi a lokacin, da Malam Abubakar Tafawa Balewa duk suna ciki. Zama ne mai tsari, da sanin hukuma, kuma bayanta ne aka kafa ƙungiyar ci gaban Bauchi da ake kira BGIU.

Tambaya: Na sami tsohon hoton majalisar mahaifina, gara ta fara cinsa a gefe. In kai a liƙe shi da leda? Daga wata uwargida, Ƙofar Dumi.

Amsa: A'a, Hajiya. Zafin injin yana ƙona fuskar hoto, kuma in ya liƙe ba ya ɓantaruwa. Ki ɗauke shi da waya a inuwa mai haske, ba tare da filasha ba, gaba da baya, domin hatimin mai hoto a bayansa yakan nuna gari, wani lokaci har da shekara. Sa shi tsakanin fararen takardu biyu cikin ambulan, a akwatin ƙarfe da ba ya taɓa ƙasa ko bango. Ki wanke kwafi babba ki kai wa abokan Baba da suka rage, su faɗa miki sunayen daga hagu zuwa dama, ki rubuta da fensir a bayan kwafin.