Kumburi a gadon bayan jaririya: a ɗauki hoto ko a kira wanzami?

Tambaya: Likita, 'yata tana da mako bakwai. An haife ta da wani kumburi mai laushi a ƙasan gadon baya, fata ta rufe shi, da ɗan gashi a kai. A asibiti an ce a yi mata sikanin, wataƙila har da wani hoton da ake kira MRI. Surukata ta ce maruru ne, wanzami zai tsaga a huta, wai hoton asibiti yana ƙona jarirai. Na kasa barci.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki bari aska ta kusanci bayan yarinyar nan.

Laka tana kammala rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki. Idan aka sami tangarɗa a lokacin, abin da ke cikin irin wannan kumburi yakan zama kitse ne da ya manne da laka, ko jakar ruwan da ke zagaye da ita, wani lokaci har da jijiyoyin ƙafa da na mafitsara. Ido ba ya bambancewa, yatsa ma haka. To wanzami da me zai gane? Kullum muna ganin yaran da aka tsaga, aka matse, aka cusa garin magani. Ruwa mai haske ya fito, 'yan gida su ce alhamdulillahi, mugunya ta fita. Ruwan laka ne, wanda ke haɗe da na ƙwaƙwalwa. Ƙwayar cuta ta bi ta nan, kwana kaɗan sai zazzaɓi, jijjiga, sanƙarau. Jijiyar da aska ta yanke kuwa ba ta komawa. Abin da ke ci mini rai shi ne sai an gama ɓarna a kwaso mana yaro da tsakar dare, mai askar kuma ya karɓi ladansa ya wuce wani gidan.

Batun ƙonewa: sikanin da sauti yake aiki, MRI kuma da maganaɗisu, babu tururin da ke cikin eksire ko hoton CT. Eksire ma ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna laka.

Ki hanzarta, domin kafin wata uku zuwa huɗu ƙasusuwan bayanta ba su gama ƙwari ba, sikanin na iya leƙa ciki. Muna duba inda laka ta tsaya. Ya kamata ta ƙare wajen ƙashin kwankwaso na ɗaya ko na biyu. In ta sauka ƙasa da haka, alama ce wani abu ya ɗaure ta. Likitan tiyata zai nemi MRI kafin ya yanke shawara. Don ta kwanta shiru a ɗauki hoton, jaririya ƙarama takan wadatu da a shayar da ita, a naɗe, ta yi barci a cikin na'urar.

Asibitocin koyarwa na Sakkwato, Kano da Shika suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. In kin ga ruwa na tsattsafowa daga wurin, ko zazzaɓi, ko maɗiga ta kumbura, ko ƙafa ɗaya ta rage motsi, ku tafi a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku.