Amsa ga mai tambaya kan Chapman na gida: zaƙi ya yi yawa, kuma wai da giya a ciki?

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu. Kin ce kina son ki haɗa wa baƙi Chapman da irin lemukan nan da ake kira koktel ranar suna, kin gwada a gida ya fito zaƙi zalla ba kamar wanda kika sha a otal ba, sannan wata ta ce miki asalin Chapman da giya ake yin sa, sai hankalinki ya tashi. Haɗa lemon biki da na walima sana'ata ce a nan Kano, na kuma jima a cikinta. Zan fara da maganar giyar tunda ita ta fi nauyi.

Wadda ta faɗa miki ba ta yi ƙarya ba, ba ta dai ƙarasa bayanin ba ne. Chapman lemon Najeriya ne, an fi danganta asalinsa da Ikoyi Club da ke Legas, kuma a matsayin lemon wanda ba ya shan giya aka san shi. Fanta ne da Sprite da jan ruwan sukarin nan grenadine da lemun tsami da kokwamba. Sai dai masu yin sa yadda aka gada suna ɗiga masa wani abu mai suna Angostura bitters, wata 'yar ƙaramar kwalba mai marfi ruwan ɗorawa da takardar da ta fi jikinta girma. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, shi ya fara haɗa shi a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela don maganin ciki, daga baya aka mayar da yin sa Tirinidad. Ki juya kwalbar ki karanta, za ki ga an rubuta 44.7%, wannan ƙarfin barasar da ke ciki ke nan. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa a babban kofi, ba zai bugar da kowa ba, shi ya sa wasu ba sa ɗaukar sa komai. Ni dai ba na sawa, ba na kuma ajiye shi a kicin ɗina, saboda mutum ya amince da ke ya karɓi kofi a hannunki, bai kamata ki ba shi abin da in ya sani zai ajiye ba. Hukuncinsa kuwa na malamai ne, ba ni ba.

Abu biyu ki kiyaye a nan. In kin je otal ko gidan abinci kika nemi Chapman, ki ce kar a sa bitters, ki kuma tambaya ko suna sa Campari, don wasu da shi suke ƙara ja da ɗaci, shi kuwa giya ce sak. Na biyu, kar ki kuskura ki aiki yaro kanti da cewa ya sayo miki "bitters", Alomo ko Orijin zai kawo miki, waɗannan ma giya ce.

To yanzu ga inda tambayoyinki biyu suka haɗu. Abin da ya sa naki ya fito zaƙi zalla shi ne kin haɗa abu uku masu sukari, Fanta da Sprite da grenadine, ba ki sa musu abin da zai ja musu birki ba. A na otal, ɗacin Angostura da tsamin lemo ke yin wannan aikin. In kin cire Angostura dole ki nemo ɗaci a wani wuri. Kamar miya ce, manja da nama kaɗai ba sa yin ta sai da gishiri da yaji da ɗan tsamin tumatir. Kowane koktel na duniya, da mai giya da marar giya, a kan abu huɗu yake tsaye: zaƙi, tsami, ɗaci ko yaji, da sanyi. Mu Hausawa ma mun san wannan tun kafin a kawo mana lemon kwalba, dubi yadda ake sa citta da kanumfari da masoro a kunun zaƙi da zoɓo.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki cire Sprite ki sa Schweppes bitter lemon a madadinsa. Akwai sinadarin kwinin a ciki, irin wanda aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, amma kaɗan ne ƙwarai, ɗaci kawai yake bayarwa. Wannan canjin kaɗai zai gyara miki rabin matsalar.

Amma in kina son wanda baƙi za su riƙa tambayar me kika sa, ki dafa ruwan ɗacinki da kanki. Ki fere ɓawon lemun zaƙi biyu, ki bar ɗan farin nan na ciki a jiki don a nan ɗacin yake. Ki sa a ƙaramar tukunya da ruwa kofi biyu, kanumfari shida ko bakwai, guntun kirfa, citta ɗanya kamar tsawon babban yatsa a daddaka, kimba ƙwaya ɗaya a fasa, masoro 'yan ƙwayoyi. Ni ina ƙara ɗan kankaren namijin goro, abin da bai wuce kan cokalin shayi ba, in ya wuce haka ba mai iya sha. Ki rage wuta ya yi ta tafasa a hankali kamar minti goma sha biyar, ki kashe, ki jefa Lipton guda ɗaya na minti biyar ki cire, ki rufe tukunyar ya kwana. Da safe ki tace da ƙyalle mai tsabta. Shayin nan shi ke ba da ɗan baurin da ke kama harshe, wanda ke sa lemo ya yi ɗanɗanon na manya ba na yara ba. Tunda babu barasa a ciki da za ta tsare shi, ba ya wuce mako guda a firji, sai dai ki zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar, ki riƙa ciro ɗaya-ɗaya. Cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a kofi ya isa.

Shi ma grenadine ɗin kanti ban cika son sa ba. Asalinsa da ruwan rumman ake yi, amma yawancin wanda ake sayarwa yanzu sukari ne da kala da ƙamshi, ga tsada. In kin samu rumman a 'Yan Lemo, ki matse ruwansa ki dafa da sukari daidai wa daida. In ba ki samu ba, zoɓo ya fi shi a wurina, don ya zo da jansa da tsaminsa gaba ɗaya. Ki wanke zoɓo cikin hannu biyu, ki zaɓi mai duhun nan, ki zuba masa tafasasshen ruwa kofi uku ki rufe ya yi awa ɗaya. Ki tace, ki auna ruwan, ki sa sukari gwargwadonsa, kofi da kofi, ki ɗora a wuta har sukarin ya narke, ba sai ya yi ta tafasa ba. Kar ki sa kanwa ko bakin soda kamar yadda wasu ke yi wa zoɓon sha don kashe tsami, zai mayar miki da kalar ta yi baƙi-baƙi, kuma tsamin nan shi muke nema. Ki yi amfani da tukunyar silba mai ƙyalli ko ta tangaran, tsamin zoɓo yana cin tukunyar dalma har ki ji ɗanɗanon ƙarfe. In wutar unguwarku ba ta zama, ki ninka sukarin, kofi biyu a kofi ɗaya na ruwa, ya fi jure zafi, sai ki rage yawan da kike zubawa.

Dalilin dafa sukarin ma shi ne garin sukari ba ya saurin narkewa a ruwan sanyi. Sai ki ga mutum na ta juyawa, saman kofi salam, ƙasa kuma ɗanko. Zuma ma haka take, sai an sassauta ta da ruwan ɗumi tukuna.

Ga yadda nake haɗa babban kofi ɗaya, da cokalin cin abinci nake awo. Ƙanƙara ta cika kofin har baki. Ruwan sukarin zoɓo cokali biyu. Ruwan lemun tsami cokali ɗaya da rabi. Ruwan lemun zaƙi da aka matse cokali uku. Ruwan ɗaci cokalin shayi ɗaya. Ki juya waɗannan sosai. Sannan ki zuba rabin kwalbar Fanta ta 35cl da rabin bitter lemon, a hankali, ta gefen kofi. Ki sa dogon cokali ki ɗago na ƙasa sau ɗaya, shi ke nan. Yankan kokwamba uku ko huɗu, yankan lemo ɗaya. Kokwamban nan ba ado ba ne kawai, ƙamshinsa ne ke fara dukan hanci kafin lemon ya taɓa baki, wanda duk ya taɓa shan Chapman da shi yake gane shi. Ki yanka shi siriri, ki bar ɓawon. Sai gishiri ɗan mitsitsi, abin da yatsu biyu za su tsinto, ba za a ji shi ba amma yana fito da ɗanɗanon lemun tsami. Ki ɗanɗana kafin ki ba kowa, domin lemun tsamin damina da na rani ba ɗaya ba ne, wani lokacin sai kin ƙara.

Maganar ƙanƙara mutane ke rainawa, alhali nan ake yin asara. Ana ganin in an sa kaɗan lemo ba zai tsinke ba, abin kuwa akasin haka ne. Ƙwaya biyu a kofi nan da nan za su narke su bar miki ruwa mai ɗumi-ɗumi, amma kofi cike da ƙanƙara yana riƙe sanyinsa, narkewar ta yi jinkiri. Manyan ƙwayoyi sun fi ƙanana daɗewa. Kuma don Allah kar ki fasa ƙanƙarar bulo ta 'yan kasuwa ki zuba cikin abin sha, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, aikinta sanyaya kwalabe a cikin kula. Ta sha ki yi abarki da ruwan da kike sha. Ni ina daskarar da tataccen zoɓo marar sukari in yi ƙanƙara da shi, in ya narke kala yake ƙarawa maimakon ya wanke lemon. Lemukan kwalbar su ma su kwana a sanyi, don gas ya fi zama a ruwa mai sanyi, in da ɗumi kika buɗe rabinsa a kumfa zai tafi.

Tunda taro ne, kar ki yi abin da na ga ana yi a gidajen biki, a juye katon-katon na Fanta a bokiti tun hantsi, kafin la'asar ya zama jan ruwan sukari babu ko ɗigon gas. Ki haɗa duk abin da ba shi da gas a jarka ɗaya: zoɓon, ruwan ɗacin, lemun tsami da na zaƙi, kowanne ki ninka awon kofi ɗaya da yawan mutanenki. Ki sa a kula. In baƙi sun zauna sai a zuba ƙanƙara, a zuba haɗin kamar cokali bakwai, a buɗe kwalba a gabansu a cika. Yarinya ɗaya mai hankali ta isa ta riƙe wannan wurin. Lemun tsamin a ranar za a matse shi, in ya kwana ɗaci marar daɗi yake yi, kuma kar a matse shi har ɓawo ya fashe.

Kin ce kina son wani abu ban da Chapman. Guda biyu sun ishe ki, kar ki wahalar da kanki ga jego. Mojito na ƙasar Kuba ne, asalinsa da giyar rake ake yi, in an cire ta sauran kayan duk na gidanmu ne: na'a-na'a, lemun tsami, ruwan sukari fari, da soda wadda ba ta da zaƙi. Ganye goma a kofi, ki danna su a hankali da bayan cokali har ƙamshi ya tashi. Kar ki kirɓa su, in ganyen ya dagargaje ɗanɗanon ciyawa yake bayarwa, ga shi yana maƙale wa mutane a haƙori. Lemun tsami cokali biyu, ruwan sukari cokali ɗaya da rabi, ƙanƙara, soda. Don cike gurbin zafin da giya ke bayarwa a maƙogwaro, ina sa ruwan citta ɗanya cokalin shayi ɗaya, maza sun fi son wannan.

Wanda na fi alfahari da shi kuwa na tsamiya ne, kuma shi ke fara ƙarewa duk inda na kai. Ki jiƙa tsamiya a ruwan zafi, ki dama, ki tace ta yi kauri. Ki dafa dabino da aka cire wa ƙwallo har ya yi laushi, ki markaɗa, ki tace. Tsamiya cokali biyu, dabino cokali biyu, citta, ɗan lemun tsami, ƙanƙara, soda a kai. In kina son burga, ki shafa lemun tsami a bakin kofin ki dangwala a gishiri da aka haɗa da ɗan garin barkono, irin yadda 'yan Meziko ke yi wa nasu lemon tsamiyar. Tsofaffi sukan yi masa kallon banza da farko, sai ki ga sun aiko a ƙaro.

Na abarba da kwakwa da ake kira pinya kolada yana da daɗi, amma ban ba ki shawararsa a taro ba. Yana rabuwa in ya zauna, kuma in kika sa madarar gwangwani a ɗanyar abarba, bayan ɗan lokaci zai guntse ya yi ɗaci, akwai wani sinadari a abarba da ke cin madara. Na mutum biyu ne da za su sha nan take. Kunun aya ma haka, ranar zafi ba ya kai yamma.

Ki ware jug ɗaya marar sukari saboda masu ciwon suga, ba a rasa su a cikin iyaye: tataccen zoɓo, kokwamba, lemun tsami da soda, ki ɗaura masa zare a hannu don kar a rikita. Ke kuma mai jego, ki tambayi su Hajiya kafin su gan ki da kofi cike da ƙanƙara, kin san yadda suke da abin sanyi kafin arba'in. In kin faɗa min adadin mutanen da kike sa rai, zan lissafa miki katon nawa za ki saya da mudun zoɓon da zai isa.