Hoton da aka buga kamar rigar kamfe, me ya kai shi dala miliyan 195?

Tambaya: Malam, sana'ata buga riguna. Na ji an sayar da wani hoton 'yar fim ɗin Amurka Marilyn Monroe, aikin mai zane Andy Warhol, a kan dala miliyan 195, wai kuma da irin ragar da muke aiki da ita aka buga shi. Ina gwanintar take?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. A watan Mayun 2022 aka yi gwanjon a kamfanin gwanjo na Christie's da ke New York, hoton kuwa na 1964 ne. Dabarar ma taku ce sak: a ɗaure raga mai laushi a jikin firam, a toshe inda ba a son tawada ta ratsa, a zuba tawada, a ja ta da roba, kowane launi da nasa zubin.

Kafin ya yi suna, Warhol mai zanen talla ne, takalman mata yake zanawa a New York. Ya san yadda talla ke cin mutum: a yi ta nanata abu har ido ya saba. A 1962 ya baje zanen gwangwanin miyar Campbell's guda 32, jere kamar a kanti. Da Marilyn ta rasu a watan Agustan shekarar, sai ya ɗauki hotonta na tallan fim ya buga fuskar sau 50 a aiki guda, rabi da launi mai ɗaukar ido, rabi baƙi da fari yana dusashewa.

Dubi wannan aikin mai fuska 50 da kyau. Janbakin ya ɗan kauce wa leɓe, wani wurin tawada ta yi yawa ta cinye fuskar, wani wurin raga ta toshe. Kai da ka yi haka a rigar ɗan takara, ai sai an dawo maka da kaya. Shi barinsu ya yi da gangan, don yana nuna yadda aka mayar da mace mai rai hajar kasuwa. Gwanintar tana wajen zaɓen abin da za a buga da kuma dalilin bugawar. A 1981 har Mickey Mouse da Superman ya buga.

Ɓangaren katun kam Roy Lichtenstein ne gwaninsa. Yakan ɗauki zane ɗaya daga mujallar katun ya faɗaɗa shi, har ɗige-ɗigen injin bugu sai ya kwaikwaya. A nan nake da ƙorafi: shahararren zanensa na jirgin yaƙi na 1963 daga aikin mai zanen katun Irv Novick ya samo shi, amma mutum nawa suka san Novick?

Batun kuɗin kuwa, ban ce aikin ya kai haka ba. Suna ake saye, da ƙarancin kayan, tunda Warhol ya rasu tun 1987. Warhol da kansa bai ɓoye cewa kasuwanci yake yi ba: ɗakin aikinsa Factory ya sa masa, wato masana'anta, kuma sau da yawa yaransa ne ke jan robar.