Amsa ga yaron shago a Garwa kan kibiyar linzami mai gudu da tsalle

Ka ce ka saka Linux Mint, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a tsohuwar kwamfutar wani kwastoma, kibiyar linzami tana gudu fiye da kima, wani lokaci ta yi tsalle, kuma in ka gyara ka kashe ka kunna, sai ta koma gidan jiya. To ɗana, cuta biyu ce ka haɗa, kowacce da maganinta.

Tsalle ba kasafai yake fitowa daga saiti ba. Juya linzamin ka dubi idon da ke ƙasansa. Ƙurar hunturu ta garin nan tana shiga ramin, gashi ɗaya ma ya isa ya rikita shi. Hura, ka goge da auduga busasshiya. Sannan dubi teburin: gilashi da fomaika mai ƙyalli suna ruɗa idon, shimfiɗa kwali ka gwada. In marar waya ne, canza batiri, ka kuma cire ɗan makarɓinsa da ake sokawa a kwamfuta daga kusa da shuɗiyar kafar USB 3, domin tana damun siginar 2.4 GHz da linzamin ke aiki da ita. In kuwa mai zagayen kai ne na PS/2, koriyar kafa ce tasa, kuma sai an kashe kwamfuta ake soka shi, in ba haka ba sau da yawa ba za ta gan shi ba.

Gudu kuwa, fara da maɓallin DPI, mai canza gudun kibiya, da ke bayan tayar linzamin, in akwai. Yara kan danna shi ba su sani ba. Daga nan shiga menu, wurin da aka rubuta Souris et pavé tactile, wato saitin linzami da Faransanci, ka ja ma'aunin gudu baya. Yawancin aiki nan yake ƙarewa, kuma abin da ka saita a nan yana zama.

Sai in bai isa ba ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE, don ka san tsarin da ke tafiyar da allon, wayland ne ko x11. In ta amsa wayland, kamar yadda Ubuntu 22.04 kan yi, rabu da xinput, umarnin saita linzami, ba zai taɓa linzamin gaske ba. In ta amsa x11, rubuta xinput list, ka nemo lambar linzamin, a ce 10 ce. Sai ka ba shi xinput set-prop 10 "libinput Accel Speed" -0.4. Ma'aunin daga -1 ne zuwa 1, sifiri ne asali. Rage kaɗan-kaɗan, mai kayan yana riƙe da linzamin, don hannunsa ne zai yi aiki da shi. Bahago kuma xinput set-button-map 10 3 2 1 zai musanya masa hagu da dama.

Ga inda ka yi tuntuɓe: xinput ba ya ajiye komai. Ana ɗauke wuta, saitin ya tafi. Lambar ma kan canza in an zare an mayar. Don ya dore, buɗe fayil /etc/X11/xorg.conf.d/50-linzami.conf da sudo, umarnin da ke ba ka ikon mai kula da kwamfutar, ka rubuta:

Section "InputClass"
Identifier "linzami"
MatchIsPointer "on"
Driver "libinput"
Option "AccelSpeed" "-0.4"
Option "AccelProfile" "flat"
EndSection

Wannan flat ɗin yana hana kibiya ƙara gudu in an fizgi hannu, masu zane da masu aikin hoto sun fi son sa. Ni dai ba na sa wa mai buga takardu kawai.

Karanta fayil ɗin sau biyu kafin ka sake kunnawa. Alamar zance ɗaya in ta ɓace, ko ka manta EndSection, baƙin allo za ka tarar. Kada hankalinka ya tashi har ka goge wa mutum injinsa: danna Ctrl da Alt da F3, shiga da sunan mai amfani, ka cire fayil ɗin da sudo rm, ka sake kunnawa. In kuma komai daidai ne amma gudun bai canza ba, saitin menu ne ya danne na fayil, sai ka koma can ka daidaita shi.