Kwabo mai huji da muke ajiyewa a zango

Malam, na ga tambayarka, wai me mu 'yan zangon Kumasi muke yi da tsofaffin kuɗi har nake ta damunka ka duba min a kasuwar Sabon Gari, ko tsibbu ne kamar yadda ake faɗa a Zariya. Wallahi babu tsibbu ko ɗaya a ciki.

Ka san kafin 'yancin kai kuɗin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya duk iri ɗaya ne, Turawan Ingila suka kafa hukumar bugawa a 1912, to anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo da sisi da sule da kakanku ya kashe a Tudun Wada su ne dai kakanmu ya ƙulla a lalita ya biyo fataken goro da su har nan, ba canji ba komai. Gana ta fita a 1958, ku kuma naira ta zo muku a 1973. Ku kuna gida, ganuwa na nan, Ƙofar Doka na nan, fada na nan. Mu da yaranmu ke tashi da Turanci da yaren Asante a baki, abin da za mu ɗora musu a tafin hannu mu ce daga can muka fito kaɗan ne, shi ya sa a gidaje da yawa za ka tarar tsohuwa na da gwangwanin tsofaffin kuɗi a ƙasan adaka, ba mai taɓawa sai ita.

Ni nawa ya wuce gado, tarawa nake yi shekara bi shekara. Masu hujin nan ba kan sarkin Ingila a jiki, sunansa ne da kambi, ga rubutun Larabci, bayan kuma tauraro mai tsini shida. Na 1936 mai sunan Edward na takwas shi na fi so, sarkin da ya sauka bai cika shekara ba amma an riga an buga mana kwabonsa.

Liyarin azurfa da mata ke ratayawa kuwa kar wani ya ruɗe ka da 1780 ɗin da ke jiki, haka aka ci gaba da buga shi da shekarar nan har bayan ƙarni.

In ka samu don Allah kar ka wanke da toka ko lemon tsami, gogewa na karya masa daraja, ka naɗe a takarda da dattinsa ka ba mai zuwa. Ka gaida Hajiya.